Allurar Geji da Zafin Gari: Yadda Esin Wata Mota Ya Sha Gyara Uku Tsakanin Gombe da Bauchi

Asalin lamarin: Oktoba zuwa Disamba

Motar ƙaramar Toyota ce 'yar Kwatano, ta haura shekara 15 da ƙerawa. Mai ita magidanci ne, ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Tudun Wadan Gombe, kuma da wuya mako ya fita bai je Bauchi ba, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai ta Alkaleri. Esin motar da gas ɗin R134a yake aiki, wanda ya maye gurbin tsohon gas ɗin R12 a motoci tun tsakiyar shekarun 1990, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa duniya ta juya wa tsohon baya.

A cikin bonet akwai wata 'yar takarda da kamfani ya manna, ɗauke da sunan gas ɗin da nauyin da motar ke ɗauka: gram 490, ƙari ko ragin gram 30. Ƙura da baƙin mai sun shafe ta. Har tsakiyar Afrilu babu wanda ya goge ta ya karanta.

Ga wanda bai saba leƙa bonet ba, esi gida biyu ne. Bututu mai kauri shi ne mai sanyi, ta nan gas yake komawa kwamfuresa bayan ya kwashe zafin cikin mota, matsinsa kaɗan ne, kuma a nan ake ɗaura shuɗin geji, wato agogon auna matsin gas. Siririn bututu yana ɓangaren da kwamfuresa ta matse gas ta tura shi kondensa, wannan mai kama da lagireto da ke can gaban mota. A nan matsi yake da yawa, nan ne wurin jan geji.

Sanyin ya fara ja baya ne a watan Oktoba, lokacin zafin kaka. Alhaji ya ce a ransa ai hunturu na tafe, a bari tukuna. Sai dai hunturun Gombe na safe ne da dare. Da rana zafi yakan haura digiri 30, ga ƙura ba ta bari a sauke gilas, musamman a bayan tirela. A ƙarshen Disamba iskar da ke fitowa daga dashbod ba ta fi ta fanka ba.

Mako na biyu na Janairu: cikon farko, da sanyin safiya

Da yake yana son ya kama hanya da wuri, ƙarfe 7:30 na safe ya isa wurin wani matashi mai gyaran esi a bakin titi. Wayarsa ta nuna digiri 17. Ya tarar da yaron cikin rigar sanyi, yana jin ɗumi wurin mai shayi.

Shuɗin geji kaɗai ya ɗaura. Tiyon jan ya tsage tun tuni, yana rataye a jikin ƙusa. Aka ta da mota, aka kunna esi, allura ta sauka zuwa psi 18 (psi ma'aunin matsi ne), kwamfuresa tana kamawa tana saki.

"Alhaji, gas ya yi ƙasa sosai," in ji shi. "Arba'in ya kamata ta nuna."

Ya jawo silinda mai kilo 13.6 da ta kwana a waje. Gas ya ƙi tafiya da sauri, domin a digiri 17 matsin da ke cikin silindar kanta bai wuce wajen psi 61 ba. Sai ya karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya zuba a roba, ya zaunar da silindar a ciki. Bai ɗora ta a sikeli ba, don ba shi da shi. Bai zuƙe iskar da ke cikin rawayan tiyon da gas ke bi daga silinda ba kafin ya buɗe. Bai kuma nemi inda tsohon gas ɗin ya bi ya fita ba.

Allura ta hau 25, ta hau 28, ta tsaya a nan ta daɗe. Iskar dashbod ta riga ta yi sanyi ƙarara a lokacin, Alhaji da kansa ya sa hannu ya ji. Amma 28 ba 40 ba ce, don haka yaron ya ci gaba da buɗewa yana rufewa kusan minti 20, har allurar ta taɓa inda yake so. Aka biya shi, aka yi sallama cikin raha.

Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu

Mako shida babu ƙorafi. Abu biyu kawai Alhaji ya lura da su, bai kuma ɗauke su da muhimmanci ba: mota tana yin nauyi duk sanda kwamfuresa ta kama, kamar an ɗora mata buhu biyu, sannan man zuwa Bauchi ya ɗan ƙaru.

Maris: zafi ya sauka

Da rana ta fara kaiwa digiri 38 zuwa 40, sai esin ya sauya hali. A kan babban titi, mota na gudu, yana sanyi daidai gwargwado. Da an shiga gosulo a wajen babbar kasuwa, ko an tsaya jiran wani da inji a silo, sai a ji ƙas, kwamfuresa ta saki, iska mai ɗumi ta biyo baya. Bayan ɗan lokaci ta sake kamawa, ta yi daƙiƙa goma sha wani abu, ta sake saki. Siririn bututun nan ya kai ba a iya riƙe shi. Allurar zafin inji ma ta fara ɗan ɗagawa sama da inda ta saba tsayawa. Ga azumi ya kama a tsakiyar zafin, wanda duk ya yi tuƙin azahar da ƙishirwa a hanyar Alkaleri ya san abin da ake nufi.

Ƙarshen Maris, a Bauchi: gyara na biyu

Ƙarfe 2:30 na rana, digiri 40, ya sauko daga tafiyar sama da awa biyu kai tsaye zuwa wani gareji. Wannan mai gyaran gejinsa biyu duk suna aiki. Da inji a kunne, shuɗin ya nuna 62, jan kuwa ya yi ta hawa, ya wuce 400, yana kusantar 450 sai kwamfuresa ta saki. Motocin Toyota na wannan zamanin suna da makunnin kariya da ke yanke kwamfuresa idan matsi ya kai wajen psi 455, don kada tiyo ya fashe. Wato ƙas ɗin da Alhaji yake ji a gosulo, aikin wannan makunni ne.

Aka kashe mota. Allurori biyu suka taho suka haɗu a 175.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki? In an kashe mota, 80 ake gani. Wannan ai ninki biyu ne."

Ya cire tiyo, ya danna bawul da bakin sukudireba. Farin hayaƙi ya yi ta fita da fito, yana barin maiƙo a jikin bonet. Ya mayar da geji: 140. Kafin su gama magana ta koma 170. Ya sake saki, ta sake sauka, ta sake hawa. Sau uku ana haka. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon gejin, har ya ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa ko ya maƙale ne.

Daga nan ya bar batun 80, ya ta da mota, ya ci gaba da rage gas har shuɗin geji ya sauko 28, jan ya tsaya a 190. Kwamfuresa ta daina yankewa. Ya ce an gama.

Yankewa kam ta tafi. Sanyi ma ya bi ta. A hanyar komawa Gombe da la'asar, iskar ta fi ta waje dama-dama, amma bayan rigar Alhaji a jiƙe ya isa gida.

Farkon Afrilu: maganar canza kwamfuresa

Ya koma wurin matashin nan na Janairu. Yaron ya ɗaura shuɗin gejinsa, ya ga 28 da tsakar rana, ya ce ko dai gas ya sake zubewa, ko kwamfuresa ta gaji, ya fi zargin kwamfuresa. Alhaji ya je ya tambayi kuɗin ta Kwatano wurin masu kayan gyara. Hidimar Sallah ta riga ta taɓa aljihu, sai ya ɗage. Wannan ɗagewar ce ta hana a cire lafiyayyar kwamfuresa a jefar.

Tsakiyar Afrilu: mota ta kwana a gareji

Wani abokin kasuwancinsa ne ya kai shi wurin wani dattijo da ke gyaran firji da firiza, yana kuma taɓa esin mota. Baba bai taɓa bonet ba sai da ya gama jin labarin. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, ƙarfe nawa aka cika maka a Janairu?" Ta biyu, "Na Bauchi, da ya auna a kashe, minti nawa da tsayawarka?" Da ya ji amsa sai ya ce a bar motar ta kwana, kada a ta da ita da safe har sai ya zo.

Ƙarfe 6:45 ya rataye ma'aunin zafi a gaban kondensa: digiri 27. Ya ɗaura geji biyu, inji a kashe tun jiya. Duka suka nuna 97.

Ya kira Alhaji ya matso. A fuskar gejin, can ciki da manyan lambobin psi, akwai wani zagayen ƙananan lambobi da aka rubuta R134a a jikinsa. Mutane da yawa suna aiki da geji shekara da shekaru ba su taɓa tambayar na mene ne ba. Lambobin digiri ne. R134a yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri, don haka a cikin bututun mota wani ɓangarensa ruwa ne wani tururi, kuma idan mota a kashe take, muddin akwai sauran ruwansa a ciki, zafin wurin ne yake yanke matsin, ba yawansa ba. A digiri 15 zai nuna wajen psi 56. A 20, 68. A 25, 82. A 30, 97. A 35, 114. A 40, 133. A 50, 176. Silinda cike da silindar da ta rage kwata, in suka kwana ɗaki ɗaya, lamba ɗaya za su nuna.

A nan aka warware abin da ya ɗaure wa na Bauchi kai. Cikin bonet ɗin motar da ta sauko daga doguwar tafiya da rana tsaka ya kai digiri 50 cikin sauƙi, saboda haka 175 ɗin da ya gani zafin bonet ne. Duk sanda ya saki gas, ragowar ruwan yana tafasa ya huce, allura ta sauka. Da zafin inji ya sake ɗumama shi, sai ta koma inda take. Da ya nace sai ya ga 80 a wannan ranar, da sai ya zubar da gas ɗin kusan duka. Ita 80 ɗin da ya haddace, lambar digiri 24 zuwa 25 ce.

Sai dai a safiyar nan ma lissafi bai daidaita ba. A digiri 27 ya kamata a ga 88, ga shi ana ganin 97. Baba ya ce ɗayan biyu ne: ko iska ta shiga ta tiyon da ba a zuƙe ba, ko an gauraya gas ɗin da wani iri tun daga kasuwa. Iska ba ta zama ruwa a kondensa, tana tare wuri ne kawai ta ƙara matsi. Kowanne ne a ciki, maganin ɗaya ne, a kwashe komai a sake sabon zubi.

Bai sake shi a iska ba. Yana da tsohuwar kwamfuresar firji da ya mayar injin zuƙa, da ita ya janye gas ɗin zuwa wata silinda da babu komai a ciki, wadda ya ɗora a kan ƙaramin sikeli mai lamba. Gram 290 aka samu. Sannan ya sa tsumma da ɗan fetur ya goge takardar bonet, 490 ta fito. Motar tana yawo da abin da bai kai kashi biyu cikin uku na cikonta ba.

Kafin ya kwashe, ya riga ya bi mahaɗan bututu da ruwan omo a soso. A mahaɗar siririn bututu da kondensa, inda ƙura ta daskare da maiƙo ta yi baƙi, kumfa ta riƙa tasowa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Robar wurin ta bushe ta tsage. Wannan ce ɓarakar Oktoba, tana nan wata shida. Bawul ɗin da aka danna da sukudireba a Bauchi shi ma ya fara tsiyaya.

Da ya haska tocila tsakanin kondensa da lagireto, haske bai ratsa ba. Ƙurar hunturu guda ta cushe ramukan, ga ƙaiƙayi, ga gashin kaza, ga wata baƙar leda da ta manne ta rufe kusan tafin hannu biyu. Yaron shagon ya wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran fikafikan su lanƙwashe. Jan ruwa ya yi ta kwarara.

Sauran aikin bai da wani abin mamaki. Aka canza roba da bawul da diraya, wato matatar da ke shanye danshi, aka ƙara ɗan man PAG, wato man kwamfuresa, madadin wanda ya bi hayaƙi a Bauchi. Aka yi bakyum, wato zuƙe iska da danshi daga cikin bututu, minti 40, aka rufe aka jira minti 20, allura ba ta motsa ba. Aka ɗora sabuwar silinda a sikeli, aka zuƙe iskar tiyo, aka zuba har sikeli ya ragu da gram 490. Baba ya rufe. Duk tsawon zubin, sikeli yake kallo.

Awo uku cikin awa 24

Duka ukun an yi su a yanayi ɗaya: inji a kan juyi 1,500 a minti, fankar ciki a ƙarshe, mota a inuwa.

Ƙarfe 10 na safe, digiri 33: shuɗi 32, ja 215, iskar dashbod digiri 8. Littafin gyaran Toyota na irin waɗannan motoci ya ba da psi 22 zuwa 36 a ɓangaren shuɗi, da wajen 200 zuwa 228 a ɓangaren ja, amma da sharaɗin iskar da ke shiga ta kasance tsakanin digiri 30 da 35. Wannan sharaɗin shi ne abin da yake faɗuwa a hanya idan lamba ta bi baki daga oga zuwa yaro.

Ƙarfe 3 na rana, digiri 41: shuɗi 42, ja 265, dashbod digiri 12. An bar ta a silo minti 15, kwamfuresa ba ta yanke ba. Baba ya watsa ruwa kofi biyu a kondensa, nan take jan ya zube ƙasa da 220, ruwan na bushewa ya koma. Gas bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Washegari ƙarfe 7 na safe, digiri 27: shuɗi 26, ja 175, dashbod digiri 6, kwamfuresa tana hutawa lokaci-lokaci don kada ƙanƙara ta kama ciki. Kafin a ta da motar, allurori biyu sun tsaya a 88.

Alhaji ya dubi takardar da aka rubuta lambobin, ya ce, "Baba, wato da yanzu yaron can ya gan ta, ƙara mata zai yi. Da jiya da rana na Bauchi ya gan ta, ragewa zai yi." Baba ya yi dariya, ya ce haka ne.

Agusta da Disamba

A watan Agusta, da damina ta zauna, an sake aunawa a digiri 28: shuɗi 33, ya ɗara na safiyar Afrilu duk da zafin kusan ɗaya ne. Laima ce ta jawo, domin esi yana aikin matse ruwan da ke cikin iska kafin ya sanyaya ta, shi ya sa ruwa yake ɗiga a ƙarƙashin mota. A Disamba kuma, da safe a digiri 16, gejin ya nuna 58 a kashe, da aka kunna shuɗi ya sauka 22, ja 130. Ba a ƙara ko gram ɗaya ba tun Afrilu, sanyin rana kuma yana nan yadda yake.

Hukunci

Babu wanda ya yi ƙarya cikin masu gyaran biyu na farko, kuma kowannensu ya gano rabin gaskiya. Gas ya yi ƙasa a Janairu, haka ne. Ya yi yawa a Maris, haka ne. Inda suka faɗi shi ne ma'aunin da suka tsaya a kai. Yaron Gombe ya ɗauko lambar tsakar ranar bazara ya nema a safiyar hunturu. A digiri 17 lafiyayyen esi ba zai kai 40 ba sai an ɗura masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma tun a 28 ya kamata ya dakata. Da jan gejinsa yana aiki, da ya ga matsi yana hawa fiye da abin da sanyin safiyar ya yarda da shi. Rarar gas ɗin ta cika kondensa da ruwa, ta rage wurin da zafi zai fita. A hunturu iskar waje ta rufa asiri, a Maris ta tona.

Na Bauchi kuskurensa ya fi tsada a ganina, domin yana da kayan aikin da za su nuna masa hanya. Karatun 450 da ya gani a jan geji shaida ce ta gaske. Amma 175 na mota a kashe ba ya faɗin komai game da yawan gas, sannan 28 a digiri 40 alamar yunwa ce. Ya kuma zubar da mai tare da gas, ya saki R134a a iska, wanda ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430.

Aikin Baba ya ci ne saboda ya raba tambayoyi biyu da sauran suka cakuɗa. Nawa ne a ciki, sikeli ya amsa. Yaya yake aiki, geji ya amsa, shi ma sai da ma'aunin zafi a gefensa. A sababbin motoci masu kwamfuresar da ke daidaita ƙarfinta da kanta, abin ya fi haka tsanani: shuɗin geji yakan tsaya kusan wuri ɗaya ko gas ya ragu ko ya ƙaru, mai bin sa shi kaɗai zai yi ta zuba.

Adalci ne kuma a ce ba cikon Janairu kaɗai ya kai jan geji 450 ba. Iskar da ta shiga da toshewar kondensa duk sun sa hannu, kuma da yake rana ɗaya aka gyara su, ba a iya sanin rabon kowanne ba. Kondensar da ta sha hunturu guda a hanyar Gombe zuwa Bauchi tana bukatar wanki kafin Maris ko da gas ɗinta daidai yake.

Abu ɗaya ya rage. Tun bayan Afrilu kwamfuresar tana ɗan gurnani a silo, wanda ba ta yi a da. Baba yana zargin makonnin da ta yi tana aiki da ƙarancin mai, ya ce Alhaji ya kawo ta farkon Maris, da rana, ya saurare ta.